Champ ko Deluxe: wane ampilin bawul ya dace mai jita ya haɗa da hannunsa a Garwa, Marwa da Njamena?

Mai jitar da ya ƙudura haɗa ampili mai bawul, wato na'urar ƙara sauti mai aiki da ƙwayayen gilashi irin na tsohuwar rediyo, wanda masu gyara a nan ke kira ampli à lampes, galibi tsakanin tsari biyu yake tsayawa, duka na kamfanin Fender na Amurka. Ɗaya shi ne Champ mai lamba 5F1, na ƙarshen shekarun 1950, mai wat 5. Ɗayan kuma Deluxe 5E3, wanda aka ƙera daga 1955 zuwa 1960, mai wat 12 zuwa 15. Zanensu ya bazu ko'ina, kuma babu wani abu a cikinsu da ya gagari mai gyaran rediyon da hannunsa ya faɗa wajen liƙi da dalma. Sai dai a yankinmu ba daɗin sauti kaɗai ke raba gardama ba. Abin da ke raba ta shi ne taransifoma: inda za ka samo ta, wanda zai naɗa maka ita, da irin wutar da za ta sha.

Champ bawul uku gare shi: 12AX7, wanda Turai ke rubutawa ECC83, yana ɗaga siginar jita hawa biyu, 6V6 guda ɗaya yana tura lasifika, 5Y3 yana mayar da wutar AC zuwa DC. Rezista 12 ne da kondansa 6 da makunnin ƙara guda ɗaya mai megohm 1, shi ke nan. Kowane rabi na 12AX7 yana da 100k a anod da 1.5k a katod, kondansa 0.022µF biyu suna haɗa hawa da hawa, 6V6 yana zaune a kan ohm 470 da kondansa 25µF a gefensa, sannan 22k tana ɗebo kaɗan daga siginar lasifika ta mayar baya don ta ladabtar da sautin. Deluxe bawul biyar ne: 12AY7 a ƙofa, 12AX7, 6V6 biyu masu aikin tura-janye (ɗaya yana turawa, ɗaya yana janyewa), da 5Y3. Kayan cikinsa sun kusa ninka na Champ, kuma yana da hawa ɗaya da Champ ba shi da shi, mai raba sigina gida biyu, ɗaya kishiyar ɗaya, da rezista 56k biyu, ɗaya a anod ɗaya a katod.

Maganar ƙara ce ta fi yaudarar mutane. Wat 15 ba ya ninka ƙarar wat 5 sau uku a kunne. Tazarar ba ta kai desibel 5 ba, kuma sai ka ninka wat sau goma kafin kunne ya ce ƙarar ta ninka. Abin da ya sa ake ganin Champ kamar ɗan tsako shi ne lasifikarsa ta asali mai inci 8 a cikin ɗan ƙaramin akwati. Ka haɗa shi da lasifikar jita mai inci 12, sai ka ji wani ampili dabam, domin duk desibel 3 da lasifika ta fi wata daidai yake da ninka wat sau biyu. Saboda haka a ɗaki, ko wurin ɗaukar sauti, ko wurin biki inda akwai mai sono da zai kafa makirfo a bakin lasifikar, Champ ya wadatar. Inda yake gazawa shi ne fili, a tsakiyar ganguna da kalangu babu makirfo. A nan za ka murɗe makunninsa har ƙarshe, sautin ya dakushe ya koma gurnani, kuma duk da haka ganga ta haɗiye ka.

Kada kuma ka ɗauka Deluxe zai ba ka sauti garau mai ƙarfi. An san shi ne da saurin karyewar sauti; kafin makunni ya kai rabi ya fara gurnani, kuma ƙasan sautinsa yana da kauri har ya yi laɓo-laɓo. Masu buluz abin da suke so ke nan. Amma mai kaɗa sukus ko makosa ko bikutsi, wanda yake son kowace tsirkiya ta fito tsaf kamar ƙarar kwabo a kan siminti, zai sha mamaki. Gyaransa ba wuya: a sauke kondansan haɗi daga 0.1µF zuwa 0.022µF, a rage 25µF da ke katod ɗin 12AY7 zuwa 4.7µF ko ƙasa da haka, kuma a bar 12AY7 ɗin a wurinsa, kada a musanya shi da 12AX7 don an fi samunsa. Ƙarfin ɗagawar 12AX7 ya kai 100, na 12AY7 bai wuce 44 ba, musanyar tana ƙara saurin karyewar ne kawai. Wani halin Deluxe da ke rikita sabon shiga: makunnan ƙararsa biyu suna taɓa juna, idan ka murɗa na tashar da ba ka ciki sautin taka ya canja. Ba kuskuren haɗi ba ne, haka aka zana shi.

Taransifoma, inda kuɗi da wahala suka taru

Kowanne yana bukatar biyu, ta wuta da ta fita, wato wadda ke tsakanin 6V6 da lasifika. Su ne mafi nauyi da tsada, su ne kuma ke sa kuɗin aiko kaya ya yi tsalle, ko ta Duwala a hau da su jirgin ƙasa zuwa Ngaundere, ko ta Kano da Yola ko Mubi. Bawul da soket da kondansa masu jure bolt 450 duk za su shiga ƙaramin kwali ɗaya. Taransifoma ƙarfe ne da tagulla, kilo ake biya.

Kuskure na farko shi ne sayen kit da aka shirya wa kasuwar Amurka. Taransifomarsa ta bolt 120 ce da hertz 60, mu kuwa a Kamaru da Cadi 220 muke da ita a hertz 50. Ko ka sa mai sauke wuta a gaba, ƙarfen da aka auna wa hertz 60 ya fi zafi a 50, ga kuma zafin Afrilu da ke haura digiri 40 a Marwa da Njamena. Ka nemi wadda aka rubuta 230V 50/60Hz a jikinta, ko ka kai a naɗa maka.

Ta wuta kam, mai naɗin da ya saba da regulateur da injin caji zai iya, muddin ka je masa da lissafi a rubuce, ba ka bar shi da "kamar ta rediyo" ba. A hertz 50, yawan zagaye a kowane bolt shi ne 45 a raba da faɗin tsakiyar ƙarfen a santimita murabba'i. Ƙarfe mai 10 cm² ya ishi Champ, wato zagaye 4.5 a bolt ɗaya. Ɓangaren shiga a lissafa shi a kan 230, ya zama zagaye 1035 da waya mai kaurin 0.4mm. Na babbar wuta, 300-0-300, zagaye 1420 sau biyu da waya 0.2mm. Na 6.3 mai dumama bawul zagaye 30, na 5 mai dumama 5Y3 zagaye 24, duka da waya 1mm. Zanen da ke yawo yakan ce 325-0-325, amma mun fi son 300, domin ranar da wuta ta zo da ƙarfi ba a tambayar ka. Deluxe yana son ƙarfe mai 12 cm², babbar wuta mai ɗaukar mA 120, da 6.3 mai amfiya 2 zuwa 3, tunda bawul ɗinsa huɗu suna jan 1.5 (kowane 6V6 0.45, kowane ƙaramin bawul 0.3). Ka jaddada masa abu ɗaya: naɗin bolt 5 na 5Y3, duk da ƙanƙantarsa, yana zaune ne a kan bolt 300 da wani abu, saboda haka takardar da ke raba shi da sauran ta zama ninki uku. Nan ne taransifomar gida ta fi yawan cin wuta.

Ta fita ita ce ke raba Champ da Deluxe da gaske. A Champ, DC mai kimanin mA 40 tana bin naɗin ta hanya ɗaya koyaushe, tana neman cika ƙarfen da maganaɗisu. Don haka ba a saƙa faranten ƙarfen ɗaya ta nan ɗaya ta can kamar yadda aka saba. Ana tara masu siffar E duka gefe guda, masu siffar I gefe guda, a sa takarda mai kaurin 0.1mm a tsakani. Mai naɗin da bai san wannan ba zai saƙa maka su tsaf, ya ba ka aiki mai kyan gani, ka kunna ka ji sauti siriri mai shaƙewa, ka yi ta zargin bawul. Lissafinta: 6V6 yana son ganin ohm 5000, lasifika 8 ce, tushen 5000 a raba da 8 shi ne 25. Wato zagaye 2500 da waya 0.16mm a shiga, 100 da waya 0.7mm a fita, a kan ƙarfe 5 zuwa 6 cm². A naɗa rabin na shiga, a ɗora na fita, a rufe da ragowar rabin, don saman sauti ya fito.

A Deluxe wutar bawul biyun tana bin naɗin ta fuskoki biyu masu soke juna, don haka ba a bukatar tazarar takarda. Amma ana bukatar ohm 8000 daga anod zuwa anod, kusan 32 da 1, da tsakiya wadda ta faɗi daidai a tsakiya. Naɗin hannu da aka ƙirga da ka yakan kauce, kuma idan rabi ya fi rabi, sokewar ta lalace, gunji ya shigo. Ga wanda zai naɗa a gida, ta Champ ta fi yafiya. Ga wanda zai yi oda, bambancin kuɗinsu bai kai a tsaya a kai ba.

Akwai dabarar talaka da ke yi wa Champ aiki, ba ta yi wa Deluxe: taransifomar 220 zuwa 9 irin ta tsohuwar rakoda. Rabonta 24 da ɗoriya ne, da lasifika mai ohm 8 tana nuna wa bawul kusan 4800. A zare farantenta a sake jera su da tazarar takarda. Ƙasan sautin ba zai yi kauri ba, amma tsirkiyar jita mafi kauri hertz 82 ce, ba a neman abin da ya fi haka zurfi. Mai siffar zobe ba ta yin wannan aiki. Kowace ka samu, gwada ta kafin ka ɗaura: ba ɓangaren shiga bolt 12 na AC, idan mita ta nuna kusan 0.48 a fita, 25 da 1 ce.

Sai wata hanya ta uku wadda a ƙasashen rainon Faransa ta fi kusa da hannu: tsohuwar rediyon Turai ta shekarun 1950 da 1960, irin su Philips da Grundig, da ke kwance a ɗakin ajiyar wani tsohon ma'aikaci ko a ƙarƙashin teburin mai gyara. Da yawansu EL84 guda ɗaya ne ke tura lasifikarsu, kuma suna ɗauke da taransifomar wuta ta 220 da ta fita mai tazararta. Sai a haɗa gaban Champ yadda yake, a sa EL84 a madadin 6V6. A bolt 250, EL84 yana son ohm 135 a katod (150 ta yi), yana jan mA 48, yana ba da wat 5 da ɗoriya a kan ohm 5200. Soket ɗinsa mai ƙafa 9 ne: raga, inda sigina ke shiga, a 2, katod a 3, anod a 7, raga ta biyu a 9. Ya fi 6V6 kaifin sauti da saurin karyewa, kuma zaren da ke dumama shi yana jan amfiya 0.76. Amma a duba lambobin bawul ɗin rediyon tukuna. In ka ga UL84 ko UY85, duk masu farawa da U, wannan rediyo ba ta da taransifomar wuta, jikinta haɗe yake da wutar gida kai tsaye. Wanda ya mayar da ita ampilin jita ya haɗa tsirkiyar da ke hannunsa da soket ɗin bango. A ɗauki taransifomar fita kawai, a bar sauran.

5Y3 ko diyod

Wannan zaɓin yana cikin kowanne daga biyun. 5Y3 yana cin wat 10 don dumama kansa kawai, yana zubar da bolt 50 zuwa 60, kuma idan ka daki tsirkiya da ƙarfi wutar takan ɗan lotsa ta dawo. Wannan lotsawar ce masu Deluxe ke ƙauna. A Champ kuwa kusan babu ita, domin bawul ɗaya a aji A yana jan wuta kusan iri ɗaya ko kana kaɗawa ko kana shiru. Ke nan a Champ, 5Y3 ado ne mai zafi da tsada. Diyod 1N4007 da ake samu a kowane shagon kayan lantarki a Kusiri ko Garwa ta yi aikin, ta kuma sauke maka naɗin bolt 5 gaba ɗaya.

Tarkon yana nan: kada ka cire 5Y3 ka liƙa diyod a kan taransifoma mai 325-0-325. Kafin bawul su yi zafi wutar za ta haura zuwa 460, kondansanka kuwa 450 aka rubuta musu. Kuma kowace diyod za ta ga wajen bolt 920 ta baya, alhali iyakarta 1000 ce, shi ya sa ake jera biyu-biyu a kowane reshe. Hanya mafi tsabta ita ce a naɗa bolt 250 guda ɗaya ba tsakiya, a sa diyod huɗu a gada, a samu kimanin 330 a ƙarƙashin aiki. Wayar naɗi ta ragu, wurin kuskure ya ragu. Wanda ya zauna a kan 5Y3 kuma, kondansan farko kada ya wuce 20µF; babba yana sa bawul ɗin tartsatsi a ciki lokacin kunnawa.

Gunji ne inda Deluxe ya yi wa Champ fintinkau. Tura-janye yana soke kaɗawar da ta rage a wutar DC, bawul ɗaya kuwa duk abin da aka ba shi sai ya kai lasifika. Zanen Champ na asali 16µF, 8µF da 8µF ne, an yi shi don hertz 60 da ƙaramar lasifikar da ba ta iya furta gunjin. A hertz 50 da lasifika mai inci 12 za ka ji "mmm" na hertz 100 a fili. Maganinsa ƙarin mataki ɗaya: bayan kondansan farko a sa ohm 250 mai wat 5, sannan 47µF, daga nan a ba taransifomar fita. Bolt 11 kawai ka rasa. Zanen asali kuma yana mayar da wutar zaren bawul ta jikin shasi, kada a bi shi a nan. A murɗa wayoyin 6.3 biyu kamar igiya, a kwantar da su a kusurwar shasi nesa da ƙafa 2 da 7 na 12AX7, a haɗa ohm 100 biyu daga kowace waya, mahaɗarsu ta tafi katod ɗin 6V6 maimakon ƙasa. Idan gunjin yana ƙaruwa da murɗa makunni, daga gaba yake shigowa, a duba jak da wayar shiga. Idan bai damu da makunni ba, daga tace wuta ne.

Wutar gidajenmu, da zafi, da ƙura

Wutar arewacin Kamaru ta daɗe tana dogara da madatsar Lagdo a kan Binuwai, kuma da rani, idan ruwa ya ja baya, an san abin da ke biyowa. A Njamena ma janareto da sola sun zama 'yan gida. Zaren bawul yana son 6.3, ya yarda da kashi 10 sama ko ƙasa. A taransifomar da aka naɗa wa 220, idan wutar gida ta sauka 180, zaren yana samun 5.2, sauti ya yi sanyi, katod ya riƙa lalacewa a hankali. Idan ta hau 250, zaren ya ga 7.2, babbar wuta ma ta bi ta. Regulateur na wat 500 ya ishi kowannensu. Wasu suna sa a fitar musu da bakuna uku a naɗin shiga, 200 da 220 da 240. Yana aiki, har ranar da aka manta shi a 200 wuta ta dawo cikakkiya. Champ yana jan kimanin wat 40 daga bango, Deluxe 60 zuwa 70, duka ba su fi ƙarfin ƙaramar sola ba. Amma inbata mai araha wadda wutarta ba santsin igiyar ruwa gare ta ba tana sa taransifoma kuka, ƙarar "zzz" ta fito a lasifika, kuma babu kondansan da zai share ta.

A nan Champ yana da wata fa'ida da ba a cika faɗa ba. 6V6 biyun Deluxe suna tarayya a rezista ɗaya mai ohm 250, don haka dole su zama tagwaye masu jan wuta daidai, waɗanda aka auna aka haɗa tun daga wurin mai sayarwa. Idan ɗaya ya mutu, na biyun ya rage shi kaɗai a kan rezistan da aka auna wa biyu, ya ja wuta fiye da kima, anod ɗinsa ya yi ja kamar garwashi. Ka rasa ɗaya, ka sayi biyu. Kuma bawul ba a shagon unguwa yake ba. Manyan masana'antun da suka rage suna Sulobakiya, inda JJ take, da Saratov a Rasha, da Sin. Mai Champ da 6V6 ɗaya a ajiye ya yi shekaru hankalinsa kwance. In an ci karo da na zamanin Sobiyet, 6P6S yana shiga gurbin 6V6, 6P14P yana shiga na EL84. 6N2P kuwa ya yi kama da 12AX7 amma zarensa a ƙafa 4 da 5 kawai yake, ƙafa 9 garkuwa ce. In ka cusa shi a soket ɗin da aka haɗa 4 da 5 wuri guda, ba zai ko yi ɗumi ba.

Fender ta rataye bawul ɗin kai ƙasa a cikin akwatin lasifika, zafinsu yana hawa cikin shasi. A Kalifoniya wannan ya wuce, a Garwa cikin Maris bai wuce ba. A gina kan ampilin dabam, bawul suna tsaye a saman shasin alminiyam mai kaurin 2mm, akwatin lasifika dabam, bayan a rufe da ragar ƙarfe, iska ta wuce amma ƙadangare da zanzaro su tsaya a waje. Kondansa a sayi masu 105°C, ba 85 ba. Duk ƙarin digiri 10 yana raba kwanansu biyu. Rezistan katod na Champ yana ƙona ƙasa da wat 1, a sa mai wat 5. Na Deluxe wat ɗaya da rabi, a sa mai 10. Kondansan da ke gefensa ya zama mai bolt 50, a ba shi tazarar yatsa guda, kada su manne. Soket na 6V6 ya zama na tangaran. Ƙafa 2 zare ce, ƙafa 3 anod ce mai bolt 300 da ɗoriya, maƙwabtan juna ne. Ƙurar hunturu ta kwanta a tsakani, laimar damina ta jiƙa ta, sai tartsatsi ya buɗe hanya. A soket ɗin roba hanyar tana zama gawayi, ba ta goguwa, sai canji.

Ranar kunnawa

Kondansan ampilin nan suna riƙe wutar da ke kisa bayan an zare filogi. A liƙa 220k mai wat 2 a kan kondansan farko don ya riƙa sauke ta, kuma duk da haka a auna da mita kafin a sa hannu; sai ta sauka ƙasa da bolt 10. Hannu ɗaya a aljihu, takalmin roba a ƙafa, ba a kan siminti mai laima ba. Wayar wuta mai uku ce, ta ƙasa a ɗaure ta da nata kusoshin a shasi, fiyus mai jinkiri na amfiya 1 a kan waya mai rai. Kondansan da tsohon zane ya nuna daga wayar wuta zuwa shasi a tsallake shi, shi ne wanda idan ya huje yake kai 220 kan tsirkiya. Gidaje da yawa ba su da wayar ƙasa ko da soket ɗin mai ido uku ne. A kafa sandar tagulla mai tsawon mita ɗaya da rabi a wuri mai laima, kusa da randa ko magudana, a ja waya.

Kunnawar farko ta bi ta ƙwan fitila mai zare na wat 60 da aka jera a kan waya mai rai. Na LED ba ya wannan aiki. Da farko ba bawul ko ɗaya: ƙwan ya zauna duhu, a auna 6.3 da babbar AC. Sannan a sa 5Y3 a auna DC. Sannan sauran, da lasifika a haɗe, domin ampilin bawul da aka kaɗa ba lasifika yana huda naɗin taransifomar fita. Ƙwan zai yi haske ya lafa. In ya tsaya da haske sosai, akwai gajeriyar hanya, a kashe.

Bayan an cire ƙwan, ga abin da mita za ta nuna a Champ mai lafiya: anod ɗin 12AX7 tsakanin 150 da 200, katod ɗinsu wajen 1.5, katod ɗin 6V6 17 zuwa 20. Ka raba wannan da 470: bolt 19 ya ba da mA 40. Ka ninka da wutar da ke tsakanin ƙafa 3 da 8, a ce 330, ka samu wat 13, wanda kaɗan daga ciki na raga ta biyu ne. Iyakar 6V6 12 zuwa 14 ce gwargwadon wanda ya ƙera shi, don haka in lissafi ya haura 13, a ɗaga rezistan zuwa 560. A Deluxe haka ake yi, sai dai a raba sakamakon biyu, kuma 270 ko 300 ta fi 250 kwanciyar hankali a wutarmu. A duba kuma mai raba sigina: abin da 56k ta sama ta zubar dole ya yi daidai da na ta ƙasa, wajen bolt 45 kowacce. In sun bambanta, ko rezista ɗaya ba ƙimarta ba ce, ko kondansan haɗi yana yoyo.

Idan Champ ya kurma ihu da zarar ya yi zafi, tun ba a sa jita ba, ba abin tsoro ba ne: siginar da 22k ke mayarwa ta zo a juye, tana ƙari maimakon ragi. A kashe, a sauke wuta, a musanya wayoyi biyu na shigar taransifomar fita. Deluxe ba shi da wannan zagayen, shi nasa ciwon shi ne "fut-fut-fut" kamar babur a nesa, alamar kondansan tace wuta na gaba ya raunana ko ƙasansa bai kama ba. Siririn fito da ke zuwa idan an ƙure makunni kuma, a duka biyun, yawanci wayar anod ɗin 6V6 ce ta bi kusa da wayar raga ta 12AX7. A ɗaga ta da tsinken katako ana saurare, inda fiton ya ɗauke a ɗaure ta a nan.

Wanda bai taɓa aiki da bolt 300 ba, ko wanda taransifomarsa daga mai naɗin kasuwa za ta fito, ko wanda zai yi wasa da makirfo a gaba, ya haɗa Champ da diyod, da ƙarin matakin tacewa, da lasifika mai inci 12. Deluxe na wanda ya riga ya haɗa ɗaya ne, yana da hanyar samun taransifomar fita ta masana'anta da tagwayen 6V6 har da na ajiya, kuma yana kaɗawa a fili tare da masu ganga. In kana tsakiya, ka sa a yanka maka shasi mai tsawon santimita 40, a huda ramuka biyar tun yanzu, uku manya biyu ƙanana, a naɗa taransifomar wuta a ma'aunin Deluxe, ka haɗa Champ a kai ka toshe ramukan da suka rage. Da yake Champ ba zai ja mA 120 ba, babbar wutar za ta zauna sama kaɗan, sai a fara da 560 a katod. Ranar da ka tashi ƙaura zuwa Deluxe, abin da za ka saya shi ne taransifomar fita mai tsakiya, da tagwayen 6V6, da 12AY7, da soket biyu.